Karen Farauta A Tsakar Gida

Shekaru 6 da suka wuce, a ƙarshen rani, na je garinmu gaisuwar mutuwa. Bayan an shafa fatiha jama'a sun fara watsewa, sai wani dattijo ya ja ni gefe. Tun ina ɗan firamare na san shi da gora a kafaɗa da ayarin karnuka a bayansa, domin in ana zancen farauta a yankinmu, sunansa ake fara ambata. Ya ce mini, "Malam, ƙafa ta gaza, ido ma ya fara hazo. Karyata ta haifi 'ya'ya 5, yaran gidan kuwa duk sun tafi birni suna acaɓa, babu mai shiga daji. Ka ɗauki ɗaya mana. In na bar su a nan, juji za su bi." Na ce, "Baba, ai ni ba na farauta." Ya yi murmushi ya ce, "To, ai ita ma ba ta san tana yi ba tukuna."

Haka na dawo gida da 'yar kwikwiya ja a cikin kwali, yara suka raɗa mata suna Guguwa. Abin da na gani a wurinta cikin waɗannan shekaru, da abin da na sani a fannina na ilmin halittu, su suka sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina kuwa ba ɓoyayye ba ne. Iyalin da ke da bukatar kare a gida, ya fi musu alheri su nemi irin karen mafarautanmu, maimakon su zuba kuɗi a kan wanda aka yiwo odarsa daga Turai. Sai dai wannan shawara tana tafe da sharuɗɗa masu nauyi, wanda kuma ya san ba zai iya cika su ba, to ya bar wa mafarauci abinsa.

Bari mu fara daga tushe. Masana sun tabbatar cewa dukan karnukan duniya daga kyarkeci suka samo asali. Kada mai karatu ya ruɗe: ba kyarkecin dawanmu mai dabbare-dabbare nake nufi ba, wanda masana ke kira Lycaon pictus. Ina nufin na ƙasashen arewacin duniya, wato Canis lupus. A shekarar 1914 an tono wani kabari kusa da birnin Bon na ƙasar Jamus, aka tarar da ƙasusuwan namiji da mace da na ɗan kare, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kimanin shekaru 14,000. Da aka sake nazarin haƙoran karen, masu bincike sun bayyana a 2018 cewa ya yi doguwar jinya tun yana ƙarami, irin wadda ba zai tsallake ba in da babu mai kula da shi. Ashe ke nan tun a wancan zamani ɗan Adam yana yi wa kare hidimar da ta wuce lissafin riba.

Tun daga nan mutane suke zaɓen iri. Wanda ya fi gudu a bar shi ya haihu, wanda ya fi jin ƙanshi a nemi 'ya'yansa, ragon kuwa a yi watsi da shi. Da tafiya ta yi nisa, sai karnukan farauta suka rabu manyan gida biyu. Akwai masu farauta da hanci, waɗanda ke bin sawun dabba ko da ta wuce tun jiya. A cikin hancin kare akwai ƙwayoyin jin ƙanshi da suka haura miliyan 200, alhali na mutum ba su wuce miliyan 6 ba. Akwai kuma masu farauta da ido da ƙafa, waɗanda ke hango motsi daga nesa su bi da gudu. A ƙasa irin tamu, mai sarari da ƙarancin duhuwa, wannan gida na biyu shi ya fi karɓuwa, ko da yake su ma ba sa raina aikin hanci.

Fitaccen misali a yankinmu shi ne karen Azawak. Ya samo sunansa daga kwarin Azawak, wanda ya ratsa arewa maso yammacin Nijar da gabashin Mali, kwarin nan dai da shanun Azawak masu yawan nono suka ci sunansa. Buzaye da maƙwabtansu makiyaya sun daɗe suna riƙe da shi domin gadin zango da kamun zomo da barewa. Namijinsa yakan kai tsawon santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai fi kilo 20 zuwa 25 ba. A shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu rajistar karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irin da ta amince da su. Ba ina cewa kowane karen mafarauci a ƙasar Hausa Azawak ba ne, domin namu sun gauraya da karnukan ƙauye, sun kuma fi shi gajarta. Amma duk wanda ya tsaya ya dubi karen mafarauci na ƙwarai zai ga zubin ɗaya ne: dogayen ƙafafu, faffaɗan ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, dogon baki, da gajeren gashi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan siffofi yana da aikinsa, kuma a nan ne nake son ɗalibai su buɗe ido. Ƙirjin nan mai zurfi ɗaki ne na babbar zuciya da manyan huhu. Ƙashin baya kuwa yana lanƙwashewa ya miƙe kamar baka, shi ya sa in karen ya ware da gudu, ƙafafunsa huɗu kan bar ƙasa sau biyu a kowane zango na taku: sau ɗaya lokacin da ya miƙe jiki sarai, sau ɗaya kuma lokacin da ya dunƙule. Karen tseren Ingila da ake kira Greyhound, wanda ɗan wannan gida ne, yakan kai gudun kilomita 70 a sa'a. Usain Bolt, ranar da ya kafa tarihin tseren mita 100 a Balin a 2009, bai haura kilomita 45 a sa'a ba. Saboda haka yaron da ke tsammanin zai bi karensa ya kamo shi bayan ya ƙwace, sai mu ce Allah ya ba da sa'a.

Ido ma haka. A 2004 Paul McGreevy na Jami'ar Sidini a Ostareliya da abokan aikinsa sun nuna cewa a idon karnuka masu dogon baki, ƙwayoyin da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa sun jeru ne a kwance kamar ɗamara, daga wannan gefe zuwa wancan, alhali a masu gajeren baki sun fi taruwa wuri guda a tsakiya. Ma'anar wannan ita ce, mai dogon baki ya fi iya tsinkayar abin da ya gifta a gefen fili. Ganye ya motsa, ɓera ya ƙetare, ya riga ya gani kafin kai ka ɗaga kai.

Sai batun zafi, wanda a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi. Kare ba ya gumi a jiki yadda muke yi, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Haki shi ne babbar hanyarsa ta rage zafi. Tun a 1877 wani masanin dabbobi Ba'amurke, Joel Allen, ya lura cewa dabbobin ƙasashe masu zafi sun fi samun dogayen gaɓoɓi, na ƙasashen sanyi kuwa gajeru, domin siririn jiki mai dogayen ƙafafu ya fi saurin fitar da zafi. Karen mafarauci, da ɗan gajeren gashinsa da rashin kitsensa, an gina shi ne domin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40. Yanzu kwatanta shi da karen 'yan sanda, wato Alseshan, wanda aka tsara irinsa a Jamus da gashi ninki biyu. Na sha ganinsu a gidajen masu hali, a kwance bakin famfo, harshe a waje, kaska ta cika kunne, ga kuma ciwon ƙugu na gado da aka san irin da shi. Maigidan ya kashe kuɗin da za su sayi tinkiya da 'ya'yanta, kullum kuma yana hanyar asibitin dabbobi. A nan zan yi wani ɗan tsokaci. Baƙi da yawa in sun ga Guguwa sukan ce, "Dokta, ba ka ba ta abinci ne?" domin ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Haka halittarta take. Wanda ya ɗura wa irin wannan kare abinci har haƙarƙari ya ɓace, ya ɗora wa siraran ƙafafu kayan da ba nasu ba.

Akwai kuma abin da muke shirin yin hasararsa ba tare da mun ankara ba. A 2009 Adam Boyko da abokan bincikensa sun nazarci ƙwayoyin gado na karnukan ƙauye a Masar da Yuganda da Namibiya, suka tarar mafi yawansu ba ɓatattun jikokin karnukan Turai ba ne, iri ne na asali mai zaman kansa, mai yalwar bambancin gado. Irin wannan yalwa ita ce jarin da dabba ke jure wa cuta da yanayi da shi. Mu kuwa mun raina namu, muna kiransa karen juji. Daji yana ƙarewa, gonaki sun cinye burtali, zomo da gada sun yi ƙaranci, samari sun bar gora sun kama babur. In mafarauta suka ƙare kuma babu gidan da ya buɗe wa karnukansu ƙofa, to aikin zaɓen iri na kaka da kakanni zai narke a kan tituna.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka yabo kawai na zo yi. Guguwa tana da wata 8 a duniya lokacin da ta ba ni kunyar da har yau ban manta ba. Wata safiya yaro ya bar ƙofar zaure a buɗe, zabin maƙwabcina kuma suna kiwo a bakin hanya. Kafin in sa takalmi ta kashe 3. Ba ta ci ko ɗaya ba. Ta dawo tana kaɗa wutsiya, gashin zabo a baki, kamar mai jiran tukuici. Na biya kuɗin zabin, na kuma sha zolaya a majalisa na tsawon makonni: wai ga malamin ilmin dabbobi, dabba ta koya masa karatu. Gaskiyarsu. Laifin nawa ne, domin na san abin da littafi ya ce, na yi sakaci.

Abin da littafi ya ce shi ne wannan. Farauta a wurin dabba mai cin nama jerin matakai ce da aka haife ta da su: ta hango, ta kafa ido, ta yi sanɗa, ta bi da gudu, ta cafke, ta kashe. Masanin halayyar karnuka Raymond Coppinger ya yi bayanin yadda zaɓen iri ya datse wannan jeri a wurare dabam-dabam. Karen da Turawa ke kora tumaki da shi yana kafa ido, yana sanɗa, yana kora, amma an raunana masa cizo. Wanda ke ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo yana cafka, amma ba ya tauna. Shi kuwa karen farauta mai gudu, an bar masa bi da cafka da kisa, an ma ƙara musu kaifi. Motsi ne ke kunna wannan jeri, ba yunwa ba, ba kuma mugunta ba. Ga inda maganar dattijon nan ta zama rabin gaskiya: Guguwa ba ta san tana farauta ba, amma jikinta ya sani. Hali zanen dutse ne. Duka bayan aikin gama ya gama ba ya koya wa kare kome sai tsoron mai shi, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta haɗa sandar yanzu da zabon ɗazu.

Abin da ke aiki shi ne sabo tun da wuri. A wata cibiyar bincike da ke Bar Harbor a jihar Men ta Amurka, John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekaru fiye da 10 suna renon ɗaruruwan 'yan kwikwiyo na iri 5, ciki har da Basenji, karen farautar dazuzzukan Kwango. A littafin da suka wallafa a 1965 sun nuna cewa akwai wani ɗan lokaci, daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12 da haihuwa, wanda a cikinsa kwikwiyo ke tantance waɗanda zai ɗauka nasa. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci ya zama ɗan gida. Abin da bai gani ba kuwa, daga baya ko dai ya ji tsoronsa ko ya bi shi da gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ne ya bayyana mini abin da ya ɗaure wa maƙwabcina kai: Guguwa tana kwana kusa da akurkin kajinmu, 'yan tsaki suna hawa bayanta, 'yan awaki suna tsallake ta, ba ta ko ɗaga kai. Da su ta tashi. Zabo ne ban taɓa nuna mata ba.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa a ɗauko kwikwiyo shi ne yana da kimanin mako 8. In aka raba shi da uwa kafin nan, ya rasa darasin da 'yan'uwansa ke koya masa a wasa, wato sanin iyakar cizo. In kuma aka bari ya wuce wata 3 a bayan gari ba ya ganin kowa, an makara. Wanda ya je wurin mafarauci neman kwikwiyo, ya roƙa a nuna masa uwar. Ya duba yadda take yi in baƙo ya matso, da yadda take da yaran gidan. Karya mai natsuwa ta fi wadda ake yi wa kirari da zafin rai, domin kai ba gada za ka kama ba. Ya buɗe bakin kwikwiyon ya ga dasashi ja ne ko ya yi fari, ya duba ido ko yana kwantsa, ya taɓa ciki ko ya kumbura da tsutsa. Daga nan kuma asibitin dabbobi zai nufa kafin gida.

Babban kare da ya riga ya yi farauta fa? Wannan tambaya ba mu kaɗai ta dama ba. A ƙasar Sifen ana farautar zomo da wani siririn kare da ake kira Galgo, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna kukan cewa ana yasar da dubbai daga cikinsu duk shekara in lokacin farauta ya ƙare a watan Fabrairu. Dokar jin daɗin dabbobi da ƙasar ta kafa a 2023 ma ta tsame karnukan farauta daga cikin waɗanda ta ba kariya. A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2018 aka haramta caca a kan tseren karnuka, aka rufe filayen a ƙarshen 2020, sai ga ɗimbin karnukan tsere suna bukatar gidaje. Iyalan da suka karɓe su sun koyi darussan da za su amfane mu. Sun tarar dabbobi ne masu sanyin hali da son barci a cikin gida, amma ba a sakinsu a fili marar shinge, ba a fita da su sai da igiya, ana kuma sa musu takunkumi har sai an tabbatar da yadda suke da kyanwa da ƙananan dabbobi. Duk da haka, a halin da muke ciki a nan, ba na ba mai ƙananan yara shawarar ya ɗauki babban karen da bai san tarihinsa ba. Dalilina kuwa ba zabi ba ne. Dalilina shi ne ciwon haukan kare.

A kan wannan ciwo zan ɗan daɗe, domin rai ne a ciki. Ƙwayar cutar bairos ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta shiga jiki ta hanyar cizo ko yaƙushi, ba ta bin jini, jijiya take bi a hankali har ta isa laka da ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A duk tsawon wannan lokaci mutum yana jin kansa garau, raunin ma ya warke. Amma ranar da alamomi suka bayyana, wato zazzaɓi da firgita da kasa haɗiyar ruwa, to kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 daga kare suke samunsa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in ɗaliban da ke karanta wannan mujalla da ƙannensu. Karen farauta kuwa, da yake yana cuɗanya da dila da sauran namun dawa da karnukan garuruwa dabam-dabam, ƙofarsa ta kamuwa a buɗe take. Babban kare zai iya shigowa gidanka lafiya lau a ido alhali cutar tana kan hanya a jikinsa, kuma allurar da aka yi masa bayan ta riga ta yi nisa ba za ta tsare ta ba.

Abin baƙin ciki shi ne maganin wannan bala'i ya daɗe a hannu. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885, Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. A nan Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar rigakafin karnuka. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ana yi wa kwikwiyo ta farko yana da wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, a kuma adana katin. In kuwa kare ya ciji mutum, ko na gida ne, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 cur, sannan a tafi asibiti a ranar. A tsare karen kwana 10 a ga halinsa, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a nemi likita. Na sha jin ana cewa a ƙona gashin karen a shafa tokar a raunin. Ina roƙon malamai su gaya wa ɗalibansu da babbar murya cewa toka ba ta kashe wannan ƙwayar cuta. Waɗanda aka ce sun warke da ita, ba tokar ce ta tsare su ba.

Sauran cututtukan ba su kai wannan tsanani ba, amma suna bukatar kula. Akwai wata 'yar tsutsar ciki, Echinococcus granulosus, da kare ke samu in ya ci ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa, irin wanda mahauta ke yankewa su jefar a kwata. Ƙwanta kan fita a kashin kare, in ya shiga bakin mutum sai ƙullutun ya tsiro a hantarsa. Don haka kayan ciki sai an dafa, kashin kare a kwashe a binne, yara su wanke hannu bayan wasa, a kuma ba karen maganin tsutsa duk wata 3. A riƙa duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa riƙe kare, sai an haɗa da nama ko kifi ko ƙwai. Miya mai yawan albasa tana lalata masa jajayen ƙwayoyin jini, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, shinkafar ɓera kuwa ta kashe karnukan gida da yawa. Mace kuma in ba a shirya wa 'ya'yanta gidaje ba, gara likita ya yi mata aikin hana haihuwa, da a riƙa zubar da kwiyakwiyai a bakin kasuwa.

Na san akwai mai karatun da tun daga sakin layi na farko yake cewa a ransa, "Kare a gidan Musulmi?" Wannan fage ne na malaman addini, ba nawa ba, kuma ina ba kowa shawara ya tambayi malaminsa. Abin da na sani shi ne, an yi izinin riƙe kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, ba a ɗaukar jikin kare mai rai a matsayin najasa, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. A gidana Guguwa tana da rumfarta da kaskonta a bayan gida, ba ta shiga ɗaki, ba ta taka tabarmar salla. Aikinta gadi ne da tsaron awaki, tun da ta zo kuwa ba a sake tsallako mana katanga ba. Ban ga dalilin da zai sa mu kwaikwayi masu kwana da kare a gado ɗaya ba, haka kuma ban ga dalilin jifan da yaranmu ke yi wa duk karen da suka gani ba.

Wane ne bai kamata ya ɗauki wannan kare ba? Mai ɗaki ɗaya a gidan haya. Wanda gidansa ba shi da katanga. Wanda niyyarsa ita ce ya ɗaure shi a turke da sarƙa dare da rana domin ya yi zafi. Dabbar da aka gina domin gudu, in aka hana ta motsi, ƙarfin nan ba ya ɓacewa, yakan koma haushi da tonon ƙasa da cizo, wanda zai fara shafa kuwa yaron gida ne da ya matso kusa da turken. Kuma ko kare ya kai tinkiya sanyin hali, ba a barin jariri ko mai rarrafe shi kaɗai tare da shi. A koya wa yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada kuma su ruga da gudu suna ihu a gabansa, domin mun riga mun ga abin da motsi ke kunnawa. Ga shi kuma zama ne na shekara 10 ko fiye, ba na hutun makaranta guda ba.

Dattijon da ya ba ni Guguwa ya rasu shekaru 2 da suka wuce, Allah ya ji ƙansa. Da na je ta'aziyya na tambayi labarin sauran 'yan'uwanta 4, aka ce ɗaya mota ta take, ɗaya wani mafarauci daga maƙwabcin gari ya karɓa, biyu kuwa babu wanda ya san inda suka shiga. Ita tana nan, gashin bakinta ya fara fari. Kullum bayan asuba ni da babban ɗana mukan kai ta wani fili mai shinge a bayan unguwa, mu kwance igiya, ta yi zagaye 3 ko 4 kamar iska, ta dawo tana haki. Katin allurarta yana da hatimi 6. Maƙwabcina ya sake sayen zabi, ni kuma na ƙara wa katangar da ke tsakaninmu layi 2 na bulo, na sa wa ƙofar zaure sakata daga sama inda hannun yara ba ya kaiwa.